Yadda na bi layin katin nakasa har na koyi gyaran waya a Garwa

A shekarar 2021 aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Kafin nan ni ɗan moto ne, ina ɗaukar fasinja daga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa unguwanni, ran Lahadi kuma in yi jigilar masu cin kasuwar Pitowa. A kan wannan hanya wata babbar mota ta ture ni, Allah Ya yi da sauran kwanana a gaba. Da miki ya warke, 'yan dubiya suka ragu, sai maganar abinci ta taso. Ina da mata da 'ya'ya biyu, moton kuma an sayar da abin da ya rage nasa an biya kuɗin magani. Kawuna ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri ka zauna a gida, abin da Allah Ya hore mana za mu ci tare." Wani maƙwabci kuma, da zuciya ɗaya, ya ce zai yi mini magana da masu zama a ƙofar masallacin Juma'a don a ba ni wuri. Duk zaman da na yi a asibiti babu likita ko ma'aikacin jinya da ya ce mini akwai wata hanya ta uku.

Wanda ya faɗa mini wani dattijo ne mai gyaran takalma a bakin kasuwa, gurgu tun yarinta, yana zaune a gefen kekensa mai ƙafa uku. Na kai masa takalmina ƙwaya ɗaya ya ɗinke. Ya dubi sandunana ya ce, "Yaro, ka yi kati?" Na ce katin ɗan ƙasa ina da shi. Ya ce, "Ba shi ba. Katin nakasa. In ba ka da shi, a wurin gwamnati lafiyarka lau." Shi ya kwatanta mini santir sosiyal, wato ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati, ya ce in je da sassafe, in tafi da duk wata takarda da ke da sunana.

Daga baya na nemi dokar na karanta da ɗan Faransancin da na samu a lakwal, wato makarantar boko. Doka ce mai lamba 2010/002 ta ran 13 ga Afrilu 2010, kan kare nakasassu da ciyar da su gaba, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1983. Umarnin da ya fayyace yadda za a yi aiki da ita bai fito daga ofishin Firaminista ba sai a watan Yuli na 2018, wato shekara takwas doka tana jiran a ce ga yadda za a bi ta. Abin da ke ciki yana da kyau ƙwarai. Nakasasshe marar hali, gwamnati za ta ɗauke masa kuɗin makaranta da na koyon sana'a, ko duka ko wani ɓangare. Wannan sassauci har 'ya'yan nakasasshe marar hali yana shafa. Ana ɗaga masa ƙafa a kan iyakar shekaru. In an zo ɗaukar aiki aka samu mutum biyu masu takarda iri ɗaya, shi za a fara ba, kuma ba a yarda a ƙi shi saboda nakasarsa ba. Amma mabuɗin wannan duka shi ne katin nakasa na ƙasa, wanda ake nema ta hannun Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a, wadda kowa ke kira MINAS.

A santir na tarar da wata asistan sosiyal, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, mace mai kirki, wadda har yau nake yi mata addu'a. Da Fulatanci ta yi mini bayani, ta rubuta mini abin da zan kawo a bayan wata tsohuwar ambulan: takardar neman kati, hotuna, kwafin katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa, da takardar likita ta musamman wadda za ta nuna girman nakasa. A nan na fara jin maganar kashi 50. Likita zai auna ka ya rubuta kaso nawa cikin ɗari nakasar ta rage maka ƙarfin aiki, kuma sai ka kai 50 ko ka haura za a ba ka kati. Nawa bai yi wuya ba, don ƙafar da babu ita ba ta buƙatar gardama. Wahalar kawai samun likitan da zai sa hannu, domin ba kullum yake zama ba, kuma kowane zuwa sai na biya ɗan moto zuwa da dawowa, ya jira ni in hau a hankali, in rungume sanduna a cinya.

A bencin asibitin na zauna kusa da wani bawan Allah da ya zo da ɗansa kurma daga wajen Gidar. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, hannunsa duk kanta saboda noma. An ce musu sai an auna jinsa da na'ura kafin a rubuta kaso, na'urar kuma ba ta aiki a lokacin. Uban ya ce mini ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, kuma a masallacin tasha suka kwana. Ya tambaye ni, "Malam, yaron da bai taɓa jin kiran sallah ba tun da aka haife shi, wane inji ne zai faɗa musu abin da ban faɗa musu ba?" Ban da amsar da zan ba shi. Na lura tun daga ranar cewa nakasar da ido ke gani tana wucewa da sauri, wadda ba a gani kuwa, irin ta ji ko ta ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya, mai ita sai ya yi ta kawo shaida.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wata baiwar Allah da na haɗu da ita ran da na mayar da dosiyena, wato takardun neman katina. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Daga wani ƙauye ta fito a bayan Lagdo, shan inna ta shanye mata ƙafafu biyu tun tana goye. Ba ta da keke. Silifa take sa wa a tafin hannu ta ja jiki, gwiwoyinta a naɗe da tsumma da robar taya. Ƙofar ofishin tana da matakala uku. Na ga yadda ta hau su: ta fara jefa jakar ledarta sama, ta dafa da hannu biyu, ta ɗaga ƙugu ta zauna a kan ta farko, ta huta, ta sake. Watan Maris ne, siminti kamar wuta. Da ta shiga, kanta bai kai tsayin tebur ba, sai da asistan ta zagayo ta tsuguna kusa da ita.

Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya. Hausa take ji da ɗan Fulatanci, sai na zama tafinta. Ɗinki take so ta koya, ta ce hannayenta sun fi na kowa ƙarfi a gidansu. Aka tambaye ta katin ɗan ƙasa, babu. Takardar haihuwa, babu. A gida aka haife ta, ba a kai sunanta meri ba, wato ofishin magajin gari, kuma tun da ba a taɓa tunanin sa ta a lakwal ba, babu ranar da aka buƙaci takardar balle a neme ta. Asistan ta shiga lissafa mata hanya, ni ina fassarawa ina jin nauyin kowace kalma. Katin nakasa yana buƙatar shaidar ko ke wace ce. Katin ɗan ƙasa yana buƙatar takardar haihuwa. Takardar haihuwa, tun da lokacin rajista ya wuce da shekaru, sai kotu ta yanke hukunci. Kotu kuma tana son takardar likita mai ƙiyasta shekaru, da takarda daga merin wurin da aka haife ki cewa babu sunanki a littafi, da shaidu waɗanda suka san haihuwarki. Kowane ɗaya da tambur ɗinsa da kuɗin motarsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, tambaye ta, in na kawo mai garinmu ya ce ya san ni, bai isa ba?" Bai isa ba.

A hanyar gida na yi ta juya wannan abu. Ni shekara talatin na yi da ƙafa biyu. Da su na je lakwal har na samu CEP, takardar gama firamare, na taɓa sakandare, da su na bi layin katin ɗan ƙasa, da su na san gari da ofisoshinsa da mutanensa. Duk abin da dosiye ke nema na riga na tara shi tun ina da lafiya. Ita kuwa nakasar da ta sa take buƙatar katin ita ce ta hana ta tara abin da ake nema kafin a ba da katin. Haka abin yake a layin gaba ɗaya: waɗanda nakasa ta sama da girma, irinmu 'yan haɗarin moto da tsofaffin ma'aikata, mu ne a gaba. Waɗanda aka haifa da ita ko ta same su a goye, waɗanda suka fi daɗewa cikin wahala, su ne a baya, mata kuma a bayan baya. A 2020 aka bayyana cewa an raba Kamaru da Afirka baki ɗaya da ƙwayar shan inna ta daji, muka yi murna, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan da ransu a ƙauyukan Binuwai da Mayo Luti da Faro. Haka makafin da ƙudan bakin kogi ya makantar a wajen Tuboro da Collire.

Katina ya fito bayan jira mai tsawo. Ran da na karɓe shi na ɗauka gobe zan fara koyo. Ashe kati ba ya ba ka gurbi, dama kawai yake ba ka ka nema.

Manyan cibiyoyin gwamnati na nakasassu yawancinsu suna kudu. Babbar ita ce ta Etug Ebe a Yawunde, mai sunan Kadinal Paul Emile Léger, malamin coci ɗan Kanada da ya kafa ta a farkon shekarun 1970 kafin ta koma hannun gwamnati. A Yawunde ɗin dai akwai Bobine d'Or inda ake koya wa mata nakasassu ɗinki, makafi kuma tasu tana Buya. Daga Garwa zuwa Yawunde tafiyar wajen kilomita 900 ce: mota zuwa Ngaundare ta kan tsaunin Mbe, sannan jirgin ƙasa na dare. Mai iyali da ba shi da kowa a can, ina zai sauka, wa zai ciyar da na gida? A arewa akwai cibiyar gyaran nakasassu ta Marwa, akwai kuma gidan Betlehem na 'yan Katolika a Muda kusa da Marwa, inda kurame da guragu ke karatu da koyon sana'a. Ko nan ɗin tafiyar kilomita 200 ce da wani abu daga gare mu. Na Garwa ke nan. Wanda yake Poli ko Tuboro sai ya fara isowa Garwa tukuna.

Sai na nemi wata cibiyar koyon sana'a ta kowa da kowa a cikin gari. Gyaran waya nake so, domin tun ina ɗan moto ni ke buɗe wa abokaina wayoyinsu in ruwa ya shiga, kuma sana'a ce ta zama. Mutumin da ke karɓar dosiye ya dubi katina, ya dubi ƙafata, ya jawo takardar sashen ɗinki ya fara cikewa bai tambaye ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, gyaran waya na zo nema." Ya ce ajin waya yana sama, ɗinki yana ƙasa, kuma irinmu ɗinki ko gyaran takalma aka saba ba su. Ba da mugunta ya faɗa ba, a ganinsa sauƙi yake nema mini. Amma wannan rabo na san shi tun ina yaro: gurgu takalma ko ɗinki, kurma kafinta, makaho saƙar kujera ko igiya, kamar nakasa ce ke zaɓa wa mutum abin da zuciyarsa ke so. Keken ɗinkin da ke ajin ma na ƙafa ne.

Na koma wurin asistan. Ta rubuta wasiƙa zuwa ga darakta, ta ambaci dokar 2010 da lambarta, ta buga hatimi. Kawuna kuma ya tuna cewa wani abokin kasuwancinsa ya san daraktan, suka je tare suka gaishe shi. Wasiƙa da gaisuwa suka haɗu, aka ɗauke ni a sashen waya, aka yafe mini rabin kuɗi, aka kuma kau da kai daga shekaruna da suka wuce na sauran ɗalibai. Na ji daɗi, amma na san sarai cewa haƙƙin da doka ta rubuta mini sai da aka haɗa da sanayya kafin ya zo hannuna, kuma mafi yawan waɗanda na bari a benci ba su da kawu mai aboki.

Makonnin farko da sanduna nake hawa benen, wani yaro ɗan ajinmu yana riƙe mini jaka yana bina a baya ko zan zame. Ban ɗaki na tsuguno ne, a can bayan fili, don haka na daina shan ruwa da safe, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Malaminmu ne ya lura leɓena a bushe kullum. Bai yi dogon zance ba, ya nemi mabuɗin wani sito a ƙasa, muka share shi, aka sauko da tebura biyu da wayar wuta. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya ƙare a yini ɗaya da tsintsiya da 'yan ƙusoshi. A wannan sito na koyi riƙe ƙarfen liƙi ba tare da hannu ya yi rawa ba, na koyi ɗaga ekaran ɗin Tecno da Itel ba tare da na tsinke igiyarsa ba, na koyi bin layin caji da mita har in gano inda wuta ta tsaya. Ran da na fara ɗora dalma a ƙafar wurin caji, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, wayar ta kawo haske, malam ya dafa kafaɗata ya ce, "To, ka zama mai sana'a."

A sashen kafinta akwai wani yaro kurma. Da ido ya koyi komai, kuma duk ajin babu mai haɗa ƙofa ta zauna daidai kamar tasa. Da jarrabawa ta zo, rabinta rubutu ne da Faransanci, babu mai fassara da hannu, bai taɓa shiga ajin kurame ba balle ya iya karatu. Ya faɗi. Yana nan yana aiki a shagon wani, ana biyansa kuɗin yaron shago, waɗanda ya fi su iyawa suna da atestasiyo, takardar shaidar gama koyo, a bango. Wani makaho kuma da ya zo neman koyon kwamfuta tun a ƙofa aka ba shi haƙuri, aka ce babu malami, babu kayan aiki.

Bayan na gama sai maganar jari. Kowace shekara ran 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, ana taro, ana jawabi, ana raba kekunan guragu da kekunan ɗinki da sandunan makafi da buhunan shinkafa. Ba na raina wannan, keke ɗaya yana ɗaga mutum daga ƙasa har ƙarshen ransa. Amma sunayen ta hannun ƙungiyoyi suke bi, ƙungiyoyin kuma a gari suke, shugabanninsu masu Faransanci ne, kowa kuma nasa ya sani. Na ga wanda ya karɓi keken ɗinki bai taɓa zare allura ba, ya sayar kafin sati ya zagayo, na kuma san wadda ta iya ɗinki tana aron keken maƙwabta. Mu Hausawa muna da sarkin makafi da sarkin guragu tun kaka da kakanni, kuma su suka san wanda ke kwance a ɗaki ba ya fita. Da za a zauna da su da masu unguwa da limamai wajen rubuta suna, a kuma karanta sunayen a fili kowa ya ji, da rabon ya fi kusa da gaskiya. Na kai takarduna Asusun Samar da Aiki na Ƙasa, FNE, na yi rajista kamar kowane mai neman aiki. Kayan aikina dai daga adashin matata suka fito, da gudummawar yayana da ke Ngaundare. Yanzu ina da tebur da laima a bakin titi kusa da kasuwa, ina gyara waya ina kuma sayar da caja da gilashin kariya. Muna ci, yara suna lakwal.

Abin da nake gani ya kamata a gyara ba ya buƙatar sabuwar doka. A riƙa faɗa wa mutum tun yana gadon asibiti cewa akwai kati, akwai koyo. A yi sanarwar a rediyo da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan yankin, ba Faransanci kaɗai ba. Likita da asistan da mai ɗaukar hoto su riƙa fita tare zuwa ƙananan hukumomi ran kasuwa, maimakon mai jan jiki ya zo ya same su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da takardar haihuwa a buɗe masa dosiye biyu a rana ɗaya, kada a ce ya je ya dawo. A sauko da aji ƙasa in ɗalibi ba zai iya hawa ba. A gwada kurma da aikin hannunsa. A kuma tambayi mutum abin da yake so ya koya kafin a jawo takarda.

Yaya kuwa ban bar ta ba. Ta dawo Garwa wurin wata 'yar'uwarta, ni nake karanta mata takardu in raka ta inda zan iya. Da aka yi zaman kotun tafi-da-gidanka a yankinsu don masu neman takardar haihuwa, muka haɗa mata kuɗin mota ni da dattijon nan mai gyaran takalma, ta je da shaidunta biyu, alƙali ya yanke mata hukunci. Takardar haihuwarta ta fito tana da shekara kusan arba'in. Yanzu katin ɗan ƙasa take jira, bayansa takardar likita, bayanta katin nakasa, sannan ta fara neman gurbi. Kafin nan wata tela a unguwarmu ta karɓe ta ba tare da ta tambaye ta ko takarda ɗaya ba, ta ɗora mata keken hannu a kan wani gajeren benci daidai tsayinta. Rigunan sallar 'ya'yana na bana ita ta ɗinka su, kuma na biya ta kuɗin da ake biyan kowane tela.